Kundin Aiki: Akwatin Kayan Koyo da Hannu na Kimiyya, Halittu da Harshe

13 ga Janairu, 2025

An tsayar da tsarin akwatin. Na yara ne masu shekara 4 zuwa 8, kuma sassansa uku ne: harshe, tsirrai, sai gwaje-gwajen ruwa, maganaɗisu da lantarki. Kowane aiki da tirensa mai tsawon santimita 35 da faɗin 25, daidai yadda yaro zai ɗauka da hannu biyu, ya yi aikinsa, ya mayar ba tare da ya kira babba ba.

Ƙa'idoji biyu muka aro daga tsarin da likitar nan 'yar Italiya, Maria Montessori, ta fara aiki da shi a gidan yaran da ta buɗe a birnin Rum a 1907. Ta farko, kayan da ake kwatantawa su bambanta a siffa ɗaya tak. In nauyi ake koyarwa, to launi da girma su zama iri ɗaya. Ta biyu, kayan da kansa ya nuna wa yaro ya kuskure, ba sai malami ya ce masa a'a ba. Mun ƙara ta uku: ba a ba yaro sunan abu sai hannunsa ya taɓa abin. Saboda haka sashen harshe zai riƙa ɗibar kalmominsa daga sauran sassan biyu.

Abin da aka fara ƙerawa shi ne bututun gwajin ƙananan kaya, mai faɗin baki milimita 31.7, girman da masu duba kayan wasan yara suke amfani da shi. Duk abin da ya shige ciki gaba ɗaya zai iya maƙale wa ɗan ƙasa da shekara 3 a maƙogwaro. Irin waɗannan kaya suna shiga gwangwani mai murfi, kuma ba a fito da su inda ƙanne suke rarrafe.

27 ga Janairu

Haruffan samfefa. Allon kowane harafi falankin filawud ne mai kaurin milimita 3, faɗi santimita 12, tsayi 16. Gajerun haruffa irin su a, n da s tsayinsu santimita 6, dogaye irin su b, k da l kuwa 10, faɗin layin santimita 1, wato yadda yatsa biyu, manuniya da na tsakiya, za su bi shi ba su zame ba. Wasula a kan shuɗin allo, baƙaƙe a kan ja, masu harafi biyu irin su sh da ts a kan kore. An ajiye p, q, v da x gefe, tun da ba su cikin haruffan Hausa na asali.

Samfefa mai lamba 220 ce ta dace. Mai lamba 80 tana kankare fatar yatsa, yaro ya bi sau biyu ya janye hannu. Mai lamba 400 ta yi santsi har ba a jin inda harafi ya ƙare allo ya fara, alhali wannan bambancin shi ne dukkan amfanin kayan: da zarar yatsa ya sauka daga layi, yaro ya ji da kansa.

Wurin yanka ne ake yawan ɓata samfefa. A bayanta ake zane, domin fensir ba ya tafiya a kan yashi, don haka dole a kifa samfurin harafin kafin a zana. In ba a kifa ba, b ta fito d. Da waɗannan biyu da sauƙi, sai a musanya su. Amma ɓ da ɗ ba sa musanyuwa, domin dukkansu lanƙwasarsu dama take kallo, kuma ɓ da ta fito a juye harafi ne da babu shi. Haka ƙ. Almakashin da aka yanka samfefa da shi ya dakushe ke nan, a ware masa wannan aikin kawai.

A fara yi wa allo fenti, ya bushe sarai, sannan a liƙa harafi da farin gam irin na kafinta, shafi mai sirantaka har bakin gefe. A danne da littattafai awa 24. Kada a shafa man sheƙi bayan an liƙa, zai cike ƙwayoyin yashin. An ja farin layi a ƙasan kowane allo, in ba haka ba n da u harafi ɗaya ne a hannun yaro.

Wajen gabatarwa, haruffa uku a zama ɗaya, masu nisa da juna a siffa da sauti, misali a, m, t. Sautin ake faɗa. Ana bin matakai ukun da Montessori ta ɗauko daga likitan Faransa Édouard Séguin: "Wannan m ne," sai "Nuna mini m," sai "Mene ne wannan?" Mataki na biyu ne ya kamata ya fi daɗewa, kuma shi ne malamai suka fi tsallakewa don ɗokin jin yaro ya amsa.

10 ga Fabrairu

Tiren tsiro. Kwalabe biyar masu faɗin baki, iri ɗaya, kowacce da ƙwayar wake huɗu. An naɗe takarda mai shan ruwa a jikin kwalbar daga ciki, aka cusa ƙwayoyin tsakanin takarda da gilashi a tsakiyar tsayin kwalbar. Ruwa santimita 2 kawai a ƙasa, takardar ce za ta jawo shi sama.

Ta 1 tana da ruwa, iska, ɗumi da haske. Ta 2 babu ruwa. Ta 3 ƙwayoyin suna nutse cikin ruwan da aka tafasa ya huce, da ɗan mai a samansa don ya tare iska. Ta 4 tana cikin firji. Ta 5 tana cikin kwali rufaffe, babu haske. Ban da ta 1, kowacce akwai abin da ta rasa.

An jiƙa ƙwayoyin awa 8 zuwa 12 kafin a sa, ban da na kwalba ta 2. In jiƙon ya zarce kwana guda sukan fara tsami. Kada a yi amfani da irin shuka da aka yi wa feshin magani, wanda akan gane shi da launin da aka rina shi, domin yara za su taɓa su kai hannu baki.

17 ga Fabrairu

Ta 1 da ta 5 sun tsira. Ta 2 tana nan yadda aka sa ta, ta 3 ta kumbura ta fara wari, ta 4 ta kumbura amma ba ta motsa ba. Ta 5 ce take ba yara mamaki, domin kusan kowa yana zaton iri ba ya tsira sai da rana. Tsirowa ruwa da iska da ɗumi take buƙata, abincin farko yana cikin ƙwayar. Amfanin haske sai daga baya yake bayyana: na cikin duhu ya fi tsawo, amma siriri ne, rawaya, ba ya iya tsayuwa.

Saiwa ce take fara fitowa, kusa da cibiyar ƙwayar, galibi tsakanin kwana 2 zuwa 5 in ɗumin ɗaki yana tsakanin digiri 20 zuwa 30. Da ta kai santimita 3 sai a kwantar da kwalbar a gefenta, washegari a tarar bakin saiwar ya karkata ƙasa. Wannan ɗan gwajin ya fi duk wani bayani.

Matsalar da ta fi yawa ita ce fumfuna, kuma abu uku ne suke kawo ta: an rufe bakin kwalba, ruwa ya kai ga ƙwaya, ko an bar matacciyar ƙwaya kusa da masu rai. An ƙara hantsaki a tiren don cire wadda ta ruɓe, da jan layi a jikin kwalba inda ruwa zai tsaya. Yaro ya ga ya wuce layi, ya rage da kansa.

3 ga Maris

Nutsewa da yawo a saman ruwa. Wannan tiren ya fi sauran cin tunani, domin zaɓen kayan shi ne darasin. In aka ba yaro dutse da gashin tsuntsu, abin da zai ɗauka shi ne mai nauyi yana nutsewa, marar nauyi yana tsayawa sama, kuma wannan ba daidai ba ne. Don haka aka haɗa kayan da za su rushe wannan zato: ƙaton guntun katako da 'yar ƙaramar ƙusa, doguwar kyandir da ƙaramin tsakuwa. Katakon ya fi ƙusar nauyi nesa ba kusa ba, amma shi ne a sama.

Abin da yake hukunci shi ne nauyin abu idan aka gwada shi da nauyin ruwa mai girmansa. Mililita 1 na ruwa giram 1 ne. Baƙin ƙarfe mai wannan girman ya kusa giram 8, alminiyam 2.7, ƙanƙara da man girki wajen 0.92. Yara ba sa buƙatar waɗannan alƙaluma, malami ne yake buƙatarsu don ya san abin da zai faru kafin ya faru. Ga yara, an yi ƙananan robobi uku masu murfi, girma ɗaya, an naɗe su da salatif mai launi ɗaya: ɗaya babu komai, ɗaya da yashi kaɗan, ɗaya cike. Yaro ya auna a tafin hannu, ya faɗi zatonsa, sannan ya saka a ruwa.

Kaya biyu suna yaudara. Allura ko ɗan maƙalin takarda, in aka ajiye shi a hankali, yakan kwanta a saman ruwa saboda fuskar ruwa tana riƙe da kanta. Maganinsa a koya wa yara su tura kowane abu ƙasan ruwa su saki, abin da ya taso shi ne mai yawo. Na biyu takardar alminiyam. Ana so a nuna cewa murabba'i mai santimita 15 in aka yi kwale-kwale da shi yana yawo, in aka dunƙule shi yana nutsewa. To amma dunƙulen hannu cike yake da iska, shi ma yawo yake. Sai an ninke shi sau da yawa an buga da guduma har ya zama ɗan faifai sannan ya nutse.

Gwajin ƙwai: kofi biyu, kowanne ruwa mililita 250, ɗaya an narka masa gishiri cokali uku na cin abinci. Sabon ƙwai yana nutsewa a na farko, ya taso a na biyu. Tsohon ƙwai yana ɓata gwajin, domin iskar da ke cikinsa ta ƙaru har yakan taso a ruwa zalla. A gwada ƙwan kafin yara su zo.

An sa soso da ɗan tawul a tiren. Share ruwan da ya zube yana cikin aikin.

12 ga Maris

Haruffan da aka gwada yi a kan kwali sun lanƙwashe, domin gam ya jiƙa fuska ɗaya kawai, da ya bushe sai ya ja kwalin. Wanda ba shi da falanki ya liƙa takarda a bayan kwalin ma, jan ya daidaita. A kan falanki kuwa, lanƙwasar ƙ da ɗ ce take fara ɗagowa, nan ne yatsa yake farawa. An ƙara gam da tsinke a waɗannan wurare.

24 ga Maris

Maganaɗisu. Mun ɗauki manya guda biyu masu siffar sanda, tsawon santimita 7, da aka rufe da roba. Ƙananan nan masu ƙarfi, masu sheƙi kamar azurfa, ba za su shiga akwatin ba ko kaɗan. In yaro ya haɗiye biyu, suna jan juna ta cikin hanji har su huda shi.

Nan ma zato ne ake son rushewa, wato cewa maganaɗisu yana kama kowane ƙarfe. Baƙin ƙarfe yake kamawa, da nikel da kobalt, ba ya kama jan ƙarfe ko alminiyam. Tiren yana da ƙusa, maƙalin takarda, guntun wayar jan ƙarfe, takardar alminiyam, katako, roba da ƙyalle. Gwangwani biyu masu kama da juna, na alminiyam da na baƙin ƙarfe, su ne suka fi jawo gardama tsakanin yara, kuma gardamar muke so. An cire cokali marar tsatsa daga wannan matakin, domin wani yana kamuwa wani ba ya kamuwa, gwargwadon haɗin ƙarfensa, kuma wannan ya yi wa ɗan shekara biyar yawa.

Faranti biyu ne na rarrabewa, "yana kamawa" da "ba ya kamawa". A ƙarƙashin kowane faranti akwai hoton kayan da ya kamata su taru a kansa. In yaro ya gama sai ya ɗaga ya duba.

Garin ƙarfe na nuna layukan ƙarfin maganaɗisu an zuba shi cikin akwatin roba mai haske, aka liƙe bakinsa gaba ɗaya. In aka bar shi a sake, yana shiga ido, kuma in ya manne wa maganaɗisu cire shi wahala ne.

14 ga Afrilu

Ganyaye da katuna. Matsin ganye falanki biyu ne masu santimita 25 kowane gefe, da noti huɗu a kusurwa. Ana jera kwali, tsohuwar jarida, ganye, jarida, kwali. A kwana ukun farko ana canza jaridar kullum, domin a lokacin ne ganye yake fitar da yawancin ruwansa. Siraran ganye suna bushewa cikin mako ɗaya zuwa biyu, masu kauri sukan kai uku. Alamar bushewa, in aka ɗora ganye a kan leɓe ko bayan hannu ba a jin sanyi. Wanda aka yi wa laminatin da sauran danshi, zafin injin yana mai da ruwan tururi, ledar ta yi hazo, bayan 'yan makonni ganyen ya yi baƙi.

An zaɓi ganyaye bisa abin da ido da yatsa za su iya rabewa: mai jijiyoyi a jere kamar na ciyawa da mai jijiyoyi masu rassa, mai baki sumul da mai baki zarto-zarto, guda ɗaya da mai 'ya'ya da yawa a kara ɗaya. Kowane busasshe yana da ɗanyensa da za a tsinko ranar darasi, tun da leda ba ta da wari ba ta da kaushi. Ganyen da yake fitar da farin ruwa in an tsinke shi, a bar shi, da yawansu suna ƙona fata da ido.

Gilashin ƙara girma mai ninki 10 bai yi wa yara ba. Sai an kawo shi santimita 2.5 daga abu kafin hoto ya fito, hannun yaro kuwa ba ya tsayawa cak. Mai ninki 3, da yake aiki daga wajen santimita 8, shi ne aka bari. Yana da jakarsa ta ƙyalle, domin in aka manta shi a rana yana iya tayar da wuta.

Katunan kashi uku ne: hoto da suna a haɗe, hoto shi kaɗai, suna shi kaɗai. Yaro ya haɗa na biyu da na uku, ya ɗauko na farko ya duba ko ya dace. Saitin farko sassan tsiro ne: saiwa, kara, ganye, fure, iri. Zane ɗaya ne a duk katunan, sashen da ake nufi kawai aka yi wa ja. Na biyu rayuwar kwaɗo, daga ƙwai zuwa talibambam zuwa mai ƙafa biyu zuwa cikakke. Leda mai kaurin maikiron 125 aka yi amfani da ita, mai 80 tana karyewa a kusurwa. A yanke katin tukuna sannan a rufe, a bar milimita 3 na leda a kewaye, a zagaye kusurwoyin. In aka rufe babbar takarda aka yanka daga baya, gefen a buɗe yake, ruwa zai shiga.

5 ga Mayu

Lantarki. Batir AA biyu a gidansu, jimilla bolt 3, jan ƙwan LED, rezista (abin da yake rage yawan wutar da ke wucewa) mai om 100, da wayoyi uku masu maƙalin bakin kada. Jan LED yana cin wajen bolt 2, saura bolt 1 a kan rezista, abin da ya ba da kimanin miliamfiya 10, haske isasshe ba tare da ƙwan ya ƙone ba. Fari da shuɗi suna neman kusan bolt 3, da batir ya ɗan yi sanyi sai su dushe, yaro ya zaci shi ne bai haɗa daidai ba.

An lanƙaya rezistar da dalma a jikin ƙwan, aka ɗaure su a ɗan katako, don kada a tsallake ta. Doguwar ƙafar LED ita take zuwa gefen mai alamar tarawa. In aka juya, ba ya kamawa kuma ba ya lalacewa a wannan ƙarfin, don haka ba mu sa alamar launi ba, yaro ya gano da kansa.

Haɗari biyu. Batir mai siffar maɓalli ba ya shiga akwatin, domin in aka haɗiye shi yana iya ƙona maƙoshi cikin awa biyu. Sannan in waya ta haɗa bakin batir biyu kai tsaye, tana zafi nan da nan. An rufe gidan batir da sukuru.

Kayan tiren maganaɗisu aka sake kawowa nan da gangan, don a maƙala su tsakanin wayoyi a ga waɗanda wuta take bi. Jan ƙarfe da alminiyam, da maganaɗisu ya ƙi, yanzu sun kunna ƙwan LED, haka ma bakin fensir in an fere shi gefe biyu. Gwangwani yakan ƙi kunnawa saboda fentin jikinsa, sai an kankare inda maƙali zai cije.

19 ga Mayu

Haruffa masu motsi, na shirya kalma kafin hannu ya iya rubutu. An yanka su daga roba mai laushi, launukansu daidai da na samfefa. Kashin farko an yi kowane harafi biyar, kuma harafin a ne ya fara ƙarewa, tun da babu harafin da ya kai shi yawa a rubutun Hausa. Yanzu a goma sha biyar ce, i da u goma-goma, e da o biyar-biyar, baƙaƙe shida-shida, n da k takwas.

An ƙara katunan gaɓoɓi, ba be bi bo bu da 'yan uwansu, domin yawancin gaɓoɓin Hausa baƙi ne da wasali, kuma yaro ya fi saurin jin gaɓa a kan jin sauti guda. Kalmomin farko daga tirukan suka fito: ruwa, iri, kara, waya, roba, ƙusa. Abin ake ɗora wa yaro a gabansa, ba hotonsa ba. Sai a wannan matakin ake haɗa k da ƙ, b da ɓ, d da ɗ a zama ɗaya, da kalmomi irin su kafa da ƙafa, bari da ɓari. An guji kalmomin da rubutunsu ɗaya ne amma tsawon wasali ko karin sauti ya raba su, irin su fari, tun da rubutun yau da kullum ba ya nuna bambancin, kuma katin amsa ba zai iya raba gardama ba. Akwai gurbi biyu na 'y da ƴ, kowace makaranta ta bar wanda littattafanta suke amfani da shi.

2 ga Yuni

Ma'aunin ruwan sama yana kan gwaji. Robar lita 2 ce mai miƙaƙƙen jiki, an yanke samanta an kifa ya zama mazurari. A yanka a inda jikin ya gama buɗewa, don faɗin baki ya zo daidai da faɗin ciki, ta haka rula za ta ba da milimita kai tsaye. Milimita 1 daidai yake da lita 1 a kan kowane murabba'in mita. Gindin roba ba shi da daidaito, don haka an zuba tsakuwa da ruwa har layin sifili, tsakuwar kuma tana hana iska kayar da ita. Ana ajiye ta a fili, nesa da bango ko bishiya da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, a karanta a lokaci ɗaya kullum, ido daidai da fuskar ruwa.

Abin da bai warware ba shi ne ruwan sifilin yana ƙafewa a ranakun zafi, sai awon ya fito ƙasa da gaskiya. Za a gwada cike gindin da siminti a shafe shi sumul, a daina dogara da ruwa. Sauran aikin wannan watan: katunan kashi uku na ƙwaro mai ƙafa shida da gizo-gizo mai takwas, jerin kayan kowane tire da za a liƙa a ƙarƙashinsa don a san abin da ya ɓace, da gwada ko murfin akwatin zai rufu in tiren ruwa yana ciki da sosonsa a jiƙe, ko sai an huda masa mashigar iska.